Ina kalmomin sirrinka suke kwana? Tambayoyi da amsoshi kan burauza da ma'ajiyar kalmomin sirri

Ina gyaran kwamfuta da waya a Samaru, kuma waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa suka fi kawo mini, musamman a lokacin rijista, sa'ad da kowa yake neman shiga shafin makaranta ko na JAMB ko na bautar ƙasa. Kusan dukansu tushensu ɗaya. Mutum ya tuna cewa wata rana ya yarda a ajiye masa kalmar sirri, amma bai san inda aka kai ta ba, bai kuma san wanda ke riƙe da makullin wurin ba.

Malam, idan burauza ta tambaye ni ko ta ajiye kalmar sirri na amsa mata, ina take kai ta?

Wuri biyu. Na farko cikin na'urar da ke hannunka. Akwai fayil da burauzar, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome ko Firefox, take rubuta adireshin shafin da sunan shigarka da kalmar sirrin, sai ta birkita kalmar da lissafi yadda ido ba zai iya karanta ta ba. A Firefox fayiloli biyu ne: logins.json yana ɗauke da kalmomin, key4.db yana ɗauke da makullin buɗe su. Na biyu, idan ka shiga burauzar da asusunka, tana aika kwafi zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya yi ta, daga can kuma kwafin ya sauka a duk na'urar da ka shiga da wannan asusun. Shi ya sa za ka sayi sabuwar waya, ka sa Gmail ɗinka, ka tarar kalmar sirrin Facebook ta riga ka isa.

Kowane kamfani da rumbunsa. Chrome tana zubawa a asusun Google, Edge a asusun Microsoft, Firefox a asusun Mozilla. Masu iPhone nasu yana cikin iCloud Keychain, wanda Apple ya fito da shi a 2013, kuma tun 2024 ya ware masa manhajarsa mai suna Passwords. Wayoyin Samsung suna da Samsung Pass. Mai Tecno ko Infinix ko itel kuwa, galibi kalmominsa suna wurin Google, ko ya sani ko bai sani ba. Buɗe passwords.google.com ka duba da idonka. Mutane da yawa sun buɗe wannan shafin a gabana suka yi shiru, ganin kalmomin da suka ajiye shekara biyar ko shida da suka wuce suna jere, har da na asusun da suka manta sun taɓa buɗewa.

Na ajiye a Chrome, na buɗe Firefox a kwamfuta ɗaya, ta ce ba ta san ni ba. Me ya sa?

Domin ba sa leƙa rumbun juna. Ko Edge da Opera da Brave, waɗanda aka gina su a kan tushe ɗaya da Chrome, wato Chromium, kowace da ma'ajiyarta. Abin da ke rikita mutane shi ne ranar da aka girka sabuwar burauza, takan nemi izinin kwaso bayanai daga tsohuwar. Idan ka yarda, kwafi take ɗauka na abin da ke nan a wannan ranar. Gobe idan ka canza kalmar sirrin imel ɗinka a Chrome, Firefox tana nan riƙe da tsohuwar, kuma ita za ta riƙa cika maka har shafin ya kulle ka saboda yawan kuskure. Yawancin masu zuwa su ce an yi musu kutse a shafin makaranta, idan na bincika sai in tarar wannan ce matsalar: kalma ɗaya, kwafi uku, biyu sun tsufa.

To mece ce kuma manhajar ajiyar kalmomin sirri, irin su Bitwarden da ake ta faɗa? Ta yaya take shiga cikin burauza?

Rumbu ce da ba ta ƙarƙashin kowace burauza. Kana buɗe ta da babbar kalmar sirri guda ɗaya, sauran duka suna ciki. Bitwarden ta fito a 2016, kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta, kuma tsarinta na kyauta bai ƙayyade yawan kalmomi ko na'urori ba. KeePass ta girme ta, wani Bajamushe Dominik Reichl ya fara ta a 2003, kuma ita ba ta aika komai ko'ina: fayil ɗaya ne mai ƙarewa da .kdbx, kai za ka adana shi ka yi masa kwafi. 1Password ta kamfanin Kanada ce, ta kuɗi ce. Proton Pass ta fito daga Suwizalan a 2023.

A kwamfuta, ana liƙa wa burauza ɗan ƙaramin ƙari daga shagon burauzar. Shi ne yake duba adireshin shafin da ka buɗe, ya tambayi ma'ajiyar ko tana da kalmar wannan adireshin, sannan ya cika. Ka liƙa shi a Chrome da Firefox da Edge, duk daga rumbu ɗaya za su ɗebo, kuma wannan ne babban amfaninta. A waya tsarin daban ne. Tun Android 8 a 2017, da iOS 12 a 2018, wayar da kanta take da gurbin mai cika kalmomi, kai kuma ka zaɓi wanda zai zauna a gurbin a cikin saitin. Chrome ta Android ta daɗe tana fifita ma'ajiyar Google, amma yanzu tana da zaɓin barin wata manhaja ta yi cikon, sai dai sai ka shiga saitinta ka kunna da hannunka.

Na sa Bitwarden, amma Chrome ma tana ta tambaya ta ajiye. Wanne zan bi?

Ɗaya. Shiga saitin burauzar ka kashe tayin ajiye kalmomi da cika su, ka bar wa ma'ajiyar da ka zaɓa. Idan ka bar su biyu, yau ka ajiye a nan, gobe a can, bayan wata uku ba za ka san wacce ce ta gaskiya ba.

Yaya ake kwashe kalmomi daga burauza zuwa wata ma'ajiya?

Hanyar da kusan duka suka yarda da ita ita ce fayil ɗin CSV. Ka shiga ma'ajiyar Chrome ko Firefox ka zaɓi fitarwa, na'urar ta nemi lambar buɗe allonka, sai ta sauke fayil. Ka je sabuwar ma'ajiyar ka zaɓi shigarwa, ka nuna mata fayil ɗin. Aikin bai fi minti biyar ba.

A nan nake so a tsaya a saurara. Wannan fayil ɗin ba a kulle yake ba ko kaɗan. Duk wanda ya buɗe shi da Excel zai ga layi-layi: adireshin shafi, sunan shiga, kalmar sirri, a fili kamar jerin sunayen ɗalibai a jikin allo. Na sha karɓar laftof don gyara in tarar da irin wannan fayil a wurin da ake sauke abubuwa, ya yi shekara a can. Na ga wanda ya tura wa kansa ta WhatsApp don ya buɗe a waya, na ga wanda ya sa a filashin da yake kai wa masu buga takardu a bakin ƙofar jami'a. Kada ka yi ko ɗaya. Yi aikin a kwamfutarka ta kanka, ka tabbatar adadin kalmomin da suka shiga ya yi daidai da na tsohuwar ma'ajiyar, ka gwada shiga shafi uku ko huɗu, sannan ka goge fayil ɗin ka kuma zubar da kwandon shara na kwamfutar. Bayan mako guda, idan komai yana tafiya daidai, ka koma ka share kalmomin daga tsohon wurin.

Mai sayar da waya ne ya buɗe mini Gmail ranar da na saye ta. Akwai matsala?

Akwai, Hajiya, kuma a ganina ita ce babbar matsalar da muke da ita a garin nan, ta fi ta 'yan kutsen ƙasashen waje. Mutum ya sayi waya a PZ ko Sabon Gari, yaron shago ya karɓa ya buɗe masa Gmail don a samu sauke WhatsApp, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a rai, sau da yawa lambar wayar mai ita, wani lokaci ma ya sa lambarsa shi a matsayin lambar dawo da asusu. Ba da mugun nufi yawancinsu suke yi ba, sauri suke yi. Amma daga wannan ranar duk kalmar da kika ajiye a wayar tana tafiya cikin asusun da ba ke kaɗai kika san makullinsa ba. Wanda ya san kalmar Gmail ɗin zai iya zama a ko'ina ya nemi buɗe ma'ajiyarki, ba tare da ya taɓa wayarki ba. Ranar da wayar ta faɗa ruwa kuma, ke ce za ki rasa hanyar shiga, domin ba ki taɓa sanin kalmar ba.

Gyaran ba shi da wuya matuƙar wayar tana hannunki tana aiki. Ki shiga myaccount.google.com, sashen tsaro. Ki canza kalmar sirri. Ki duba lambar waya da imel ɗin dawo da asusu, ki tabbatar naki ne, kuma layin da kike amfani da shi ne yanzu, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin sadarwa yana sake sayar da shi ga wani, saƙon tabbatarwa kuma ya koma wurin baƙo. Ki duba jerin na'urorin da ke cikin asusun, ki fitar da duk wadda ba ki gane ba. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a nemi wata shaida ta biyu, kamar lambar da ake turo wa wayarki. A nan Google zai ba ki lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma 8, ki rubuta su a takarda ki adana a gida. Idan karatun Turancin zai ba ki wahala, ki sa ɗanki ko ƙaninki ya zauna kusa da ke, amma ke za ki shigar da sabuwar kalmar da hannunki.

Na je kafe yin rijista na shiga imel ɗina a kwamfutarsu. Me ya kamata in yi?

Wata ɗaliba ta zo wurina hankalinta a tashe, ana aika wa 'yan'uwanta saƙon roƙon kuɗi da sunanta. Da muka bi diddigi, ta je wani kafe buga takardar biyan kuɗin makaranta, ta shiga Gmail, burauzar ta tambaya ko a haɗa ta da asusun a kunna daidaitawa, wato sauko da abin da ke ajiye a asusun zuwa kwamfutar, mai taimaka mata ya danna amincewa don layi ya yi tsawo. Cikin ƙiftawar ido kalmominta duka suka sauka a kwamfutar da mutane da yawa suke zama a gabanta kullum. Ta rufe shafin ta tafi, tana ganin ta fita. Rufe shafi ba fita ba ne.

Idan dole ne ka yi amfani da kwamfutar da ba taka ba, buɗe yanayin baƙo na Chrome, wanda aka rubuta Guest, domin yana goge bayanan shigarka da zarar ka rufe shi. Kada ka yarda a ajiye kalma, kada ka yarda a haɗa burauzar da asusunka. Ka sani kuma yanayin baƙo ba ya kare ka idan an riga an dasa wa kwamfutar manhajar da ke naɗar duk abin da aka danna. Saboda haka abin da ya fi shi ne ka sauke takardar a wayarka, ka tura wa mai kafe fayil ɗin kawai ya buga.

Idan aikin gama ya gama, shiga asusunka daga wayarka ka fitar da waccan kwamfutar daga jerin na'urori. Wannan yana yanke hanya daga yanzu, amma kwafin da ya riga ya sauka yana iya zama a can. Don haka sai an canza kalmomin, a fara da imel, sai duk abin da ya shafi kuɗi, sai shafukan sada zumunta.

Su Google da Apple suna iya karanta kalmomina?

Amsar ta bambanta. Na iCloud Keychain da na Firefox ana birkita su tun a na'urarka da makullin da kamfanin ba ya riƙe da shi, don haka abin da ke wurinsu ba ya karantuwa. Haka Bitwarden da 1Password. A tsarin Google na asali ana kulle kalmomin, amma makullin yana cikin asusunka a wurin Google, sai idan ka kunna zaɓin kullewa a kan na'ura, ko ka sa wa daidaitawar Chrome jimlar sirri taka ta daban. Kowane tsari da farashinsa. Inda kamfani ba ya riƙe da makulli, ba zai iya taimakonka ba ranar da ka manta. Wanda ya sake kalmar asusun Mozilla bayan mantuwa, ba tare da makullin dawowa ba, abin da ke ajiye a wurin kamfanin yana gogewa, sai dai wanda ya rage a na'urarsa.

Tara komai wuri ɗaya ba haɗari ba ne? Na ji an taɓa fasa ɗaya daga cikinsu.

Gaskiya ne. A 2022 an kutsa cikin LastPass, kuma a watan Disamba na shekarar kamfanin ya bayyana cewa an kwashe kwafin ma'ajiyoyin masu hulɗa da shi. Kalmomin a kulle suke da babbar kalmar kowane mutum, amma adireshin shafukan a buɗe suke. Ma'ana, ɓarawo ya tafi da akwatin gida, yana da lokacin da zai yi ta gwada makullai. Mai doguwar babbar kalma ya fi samun kariya, mai gajeriya kuwa yana cikin haɗari.

Duk da haka ina ba da shawarar ma'ajiya, domin na san abin da mutane suke yi idan babu ita: kalma ɗaya a shafi ashirin, sunan ɗa da shekarar haihuwarsa. Idan aka fasa shafi ɗaya mara tsaro, sai a ɗauki imel ɗin da kalmar a gwada su a sauran. Akwai shafin Have I Been Pwned da Troy Hunt ɗan Ostareliya ya buɗe a 2013, inda za ka sa imel ɗinka ka ga ko ya taɓa fita a irin wannan fasa-rumbun. Ma'ajiyar Google ma tana da nata binciken da ke nuna kalmomin da suka fita da waɗanda ka maimaita.

Tsakanin ma'ajiyar burauza da mai zaman kanta, ga inda na tsaya. A waya mai kulle mai kyau, ta Google ko ta Apple ta wadatar da yawancin mutane. A laftof mai Windows ne nake ɗari-ɗari. Chrome tana kulle kalmomi ta hanyar da ke ɗaure da asusun Windows na mai kwamfutar, don haka muguwar manhajar da ta samu shiga tana aiki da sunanka tana da hanyoyin kai wa gare su. Akwai ƙwayoyin cutar kwamfuta da aka ƙera don wannan aikin kaɗai, irin su RedLine da 'yan sandan Holan da abokan aikinsu suka rushe cibiyarta a Oktoban 2024, da Lumma da Microsoft ya kai wa farmaki a Mayun 2025. Ba kalmomi kaɗai suke sata ba, har da 'yan bayanan da ke shaida wa shafi cewa ka riga ka shiga, wanda da su ɓarawo yake tsallake tabbatarwa mai mataki biyu. Google ya ƙara wa Chrome kariya a 2024, amma masu ƙera ƙwayoyin ba su zauna ba. Babbar hanyar shigowarsu ita ce manhajojin da aka fasa, waɗanda ake loda wa ɗalibai kyauta a laftof, da wasanni, da abin kunna Windows na bogi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kwamfutar da ta kamu, babu ma'ajiyar da za ta tsira a cikinta gaba ɗaya.

An turo mini shafin tallafi, na buɗe, ya yi kama da Facebook, amma wayata ta ƙi cika kalmar da kanta. Ta lalace ne?

Ba ta lalace ba, ƙanena, ceton ka ta yi. Ma'ajiya ba ta duba launi ko tambari, adireshi take dubawa harafi bayan harafi. Kalmar da aka ajiye don facebook.com ba za ta miƙa ta ga wani adireshi ba, komai kamarsa da na gaske. Duk ranar da shafin da ka saba shiga da kansa ya zo ma'ajiya ta yi shiru, kada ka je ka kwafo kalmar ka manna. Rufe shi, ka buɗe manhajar ta asali.

Wayata Android ce, laftof ɗina Windows, maigidana kuma iPhone gare shi. Za su haɗu?

Ma'ajiyar Google tana aiki a iPhone idan aka sa Chrome aka zaɓe ta a matsayin mai cikawa. Ta Apple tana aiki a Windows ta manhajar iCloud da ƙarin da ake liƙa wa burauza, amma ba ta da manhaja a Android. Gidan da ya haɗa na'urori iri-iri, ma'ajiya mai zaman kanta ta fi sauƙi.

Ina so in ba yaron shagona kalmar shiga shafin kasuwancinmu. Ta WhatsApp zan tura?

A'a, Alhaji. Saƙon yana zama a wayarsa da taka, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya daga cikinsu zai gani. Fara duba ko shafin yana ba da damar ƙara ma'aikaci da asusunsa na kansa, kamar yadda shafukan kasuwanci na Facebook suke yi. Wannan ya fi, domin ranar da kuka rabu sai ka cire sunansa kawai. Idan babu, ma'ajiyoyin suna da hanyar rabawa. Apple ya kawo rukunin raba kalmomi a iOS 17 a 2023. Google ya kawo nasa a 2024, amma tsakanin 'yan rukunin iyali kaɗai, kuma kwafi yake aikawa, idan ka canza taka tasa ba ta canzawa. Bitwarden tana barin mutum biyu su yi tarayya a ma'ajiya ɗaya kyauta. Ko ta wace hanya ka bi, wanda ya taɓa ganin kalma ya gan ta, don haka idan yaro ya bar aiki a canza ta a ranar. Lambar sirrin katin banki da ta tura kuɗi kuwa ba a raba su, ba na kuma son a ajiye su a burauza.

An ƙwace wayata a hanya. Ɓarawon zai ga kalmomina?

Ya danganta da kullen allon. Ma'ajiyar waya tana neman lambar buɗe allo ko zanen yatsa kafin ta nuna kalma. Idan ba ka sa kulle ba, ko ɓarawon ya ga lokacin da kake shigar da lambar a cikin Keke Napep, ko lambar 1234 ce, to ka ɗauka komai ya fita. Yi sauri da abu uku: kira kamfanin layinka da bankinka a toshe, domin da layin ake karɓar lambobin tabbatarwa, shiga android.com/find ko icloud.com/find daga wata na'ura ka kulle wayar ko ka goge ta. Sannan ka canza kalmar imel. Masu iPhone su kunna kariyar wayar da aka sace, wadda ta zo da iOS 17.3 a farkon 2024, tana hana ganin kalmomi da lambar allo kaɗai idan wayar ba ta wurin da ta saba. Android ma ta samu nata kariyar sata a 2024, tana cikin saitin tsaro. Katin layin kansa a sa masa lambar sirri.

Mene ne passkey da WhatsApp da Google suke ta ce mini in yi?

Makullin shiga ne da ba a haddace shi, ba a kuma rubuta shi. Na'urarka tana ƙera makullai biyu masu alaƙa, ta ba shafin ɗaya, ta riƙe ɗaya. Lokacin shiga sai ka sa yatsa ko lambar allo, na'urar ta tabbatar wa shafin cewa ɗayan yana wurinta ba tare da ta miƙa shi ba. Babu abin da za a yaudare ka ka faɗa, kuma shafin bogi ba ya iya karɓar sa. Ƙungiyar FIDO, ƙawancen kamfanonin fasaha, ce ta tsara shi, kuma a Mayun 2022 Apple da Google da Microsoft suka sanar da cewa za su tallafa masa tare.

Shi ma a ma'ajiya yake kwana, ta Google ko ta Apple ko mai zaman kanta, don haka tambayar farko tana nan: wace ma'ajiya, kuma wa ke da makullinta? Ba ya fita a fayil ɗin CSV. Saboda haka ne FIDO ta fitar da daftarin sabuwar hanyar musayar makullai tsakanin ma'ajiyoyi a Oktoban 2024, wadda ke kwashe su a kulle daga manhaja zuwa manhaja, kuma Apple ya sa ta a iOS 26 a 2025. A kwamfutar da ba taka ba, shafin zai nuna maka hoton QR ka ɗauka da wayarka, amma sai kwamfutar tana da Bluetooth, abin da yawancin tsofaffin kwamfutocin kafe ba su da shi.

Idan na manta babbar kalmar fa? Kuma idan ta Allah ta kasance, yaya iyalina za su yi?

Idan ka manta babbar kalmar Bitwarden ko KeePass, kuma ba ka tanadi wata hanyar dawowa ba, babu mai buɗe maka, har da ni. Don haka ka zaɓi wadda za ta zauna a kai: kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, irin a haɗa tukunya da Kufena da jirgi da rani, amma kada ka ɗauki wannan misalin. Ban da karin magana, ban da aya, ban da sunan 'ya'ya. Tsawo ya fi cusa alamomi amfani, kuma ba sai ka riƙa canza ta kowane wata ba, sai idan kana zargin ta fita. Hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta bar shawarar tilasta canji lokaci-lokaci tun 2017.

Maganar rasuwa kuwa ta fi taɓa ni, domin na zauna da magada a shagon nan riƙe da wayar mahaifinsu, sun san akwai basussukan da yake bi da waɗanda ake bin sa a cikinta, akwai hotunan takardun fili, amma babu mai iya buɗewa, kuma rabon gado yana jira. Google yana da tsarin da za ka ambaci wanda za a ba wasu bayananka idan asusun ya yi watanni ba a taɓa shi ba, kai kake zaɓar tsawon lokacin. Apple yana da na magaji tun 2021, amma ba ya haɗawa da kalmomin sirrin da ke cikin Keychain. Bitwarden tana da damar shigar gaggawa a tsarinta na kuɗi.

Abin da nake yi, kuma nake gaya wa dattawan da ke zuwa wurina, shi ne takarda. A rubuta adireshin imel, da kalmarsa, da babbar kalmar ma'ajiya, da lambar buɗe waya, da lambobin ko-ta-kwana goma. A sa a ambulan a liƙe, a ajiye tare da takardun gida da na gona, a shaida wa mutum ɗaya amintacce inda take. Duk lokacin da aka canza ɗaya daga cikinsu, a ƙona tsohuwar takardar a rubuta sabuwa, a sa kwanan wata a samanta.